Zinariya, Mai Bin Sawun Gwaggon Waya

Kafin masu doya su gama sauke kaya a kasuwar Arzèkè da ke Parakou, Zinariya Abdulgani ta riga ta hau zem, wato acaɓa, daga Zongo, jakar kwamfuta a cinyarta, ta nufi wani ɗan ofis a Kpébié. Shekara huɗu ke nan tana wannan zirga-zirga. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin ta koma Djougou koyarwa, kuma abin takaici, yawancin matan da ta yi wa rana ko sunanta ba su sani ba.

Ofishin na wata ƙungiya ce mai kula da masu jego. Suna da na'ura mai basira, irin wadda ake ba aiki ta je ta yi da kanta. Ita ke kiran mace bayan ta haihu, ta tambaye ta jiki da Hausa ko Dendi ko Faransanci, ta duba takardarta ta asibiti, in ta ga alamar haɗari ta aika wa malamar jinya saƙo. Mata suka laƙaba mata suna Gwaggon Waya. Aikin Zinariya shi ne sa wa Gwaggo ido.

A bangon ofishin akwai babban allo, kore ga mai lafiya, ja ga wadda ke cikin haɗari. Duk wanda ya shigo allon yake fara kallo. Zinariya kuwa ko ɗaga kai ba ta yi. Abin da suke kira sawu take buɗewa, wato jerin duk matakin da Gwaggo ta taka: me ta ji, me ta duba, me ta yanke, da hujjar da ta bayar. Ta zaɓi hira goma ba tare da tsari ba, ta maƙala abin saurare a kunne ta saurare su tun daga sallama har sai an jima. Shi ya sa shugaban ofis, Malam Salihu, yake kiranta Hajiya Zargi.

Wata Talata a daminar bara ana jiran baƙi daga Cotonou. Mako biyu allon yana kore shar, ƙararrawar haɗari ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Malam Salihu ya sha shadda, sai murmushi yake.

"Shef," in ji Zinariya, don haka suke kiran shugaba, "mata ɗari biyu da arba'in sun haihu, a ce ba wadda kanta ya sara?"

"To ke so kike su yi ciwo don ki samu abin karantawa? Hajiya Zargi, ça va, ya isa haka, ki bar mu mu ji daɗi yau ɗaya."

Zinariya ta koma kan kwamfutarta. Amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta tace jerin, ta ware waɗanda jininsu ya hau ranar haihuwa, sai idonta ya sauka a kan wata Mariatou. Haihuwar fari, an sallame ta da magani. Kira huɗu, kuma duk huɗun Gwaggo ta rubuta abu guda: an tabbatar daga bakin mai jego, lafiya lau. A rubuce ba aibi. Sai da ta kunna muryar gabanta ya faɗi. Namiji ne ke amsawa. Bayansa hon ɗin babura ne da mai tallan albasa. Ta koma matakin da Gwaggo ke tantance mai magana, ta ga tambayar da aka ba ta ita ce, "Lambar Mariatou ce?" Mutumin ya ce eh, Gwaggo kuwa ta wuce abinta.

Ta kira lambar da kanta.

"Wai wace ce?" in ji mai muryar, Umar Faruƙ, mijin Mariatou, mai sayar da atamfa. "Na gaya wa na'urarku sau huɗu lafiyarta ƙalau. Me kuke nema da iyalina?"

"Ka yi haƙuri, Malam. Tana kusa da kai?"

"Kusa da ni? Haihuwar fari fa! Tana Djougou wurin mahaifiyarta, wankan jego. Sai ta yi arba'in."

"Yaushe rabonka da jin muryarta?"

Sai ya sassauta murya. "Ran Juma'a na gaida Inna, ta ce suna lafiya. Ai kin san ba na tsaya ina yi wa suruka tambayoyi ba."

"Maganin da aka ba ta fa?"

"Wane? Wani fari-fari? Yana nan cikin kwaba a ɗakina."

Nan take Zinariya ta karɓi lambar surukar a wurinsa, ta kira. Innar ta ɗauka, aka gaisa, ta ce jego sai godiya. Zinariya ba ta karɓi wannan amsa ba. Ta bi ta a hankali: kai fa? ido fa? fuska fa? Sai tsohuwa ta ce ai kwana uku kan yarinyar na sarawa, tana ganin hazo-hazo, fuskar ta ɗan tasa, amma jego ne, sun ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa.

"Inna, don Allah a ajiye kunun. Kada ta shiga wanka. Yanzu malamar jinya za ta zo."

Kafin azahar malamar jinyar ƙungiyar a Djougou ta auna Mariatou, ta ɗora ta a mota sai asibiti. Daga baya ta shaida cewa da an ƙara yini guda, da jijjiga ta kama ta.

Amma Zinariya ba ta jira wannan labari ba. Tana ajiye waya ta dakatar da Gwaggo gaba ɗaya, allon bango ya mutu, baƙi kuwa suna bakin ƙofa. Malam Salihu ya yi kamar zai tashi sama. A makon nan an yi ta ƙus-ƙus: wasu suka ce kujerarsa take hari, wasu suka ce dama can ba ta ƙaunar na'urar. Ita dai ta duƙufa kan sawu, hira bayan hira, har ta zaƙulo mata talatin da takwas da mazajensu ke amsawa a madadinsu daga Parakou, su kuwa suna gidajen iyayensu. Ranar da ta shimfiɗa masa jerin, Malam Salihu ya cire hula ya daɗe yana kallo. "Kira su duka," ya ce, "ni ma ba ni rabi."

Ta gyara tambayar. Yanzu Gwaggo sai ta ji inda mai jego take wanka, ta nemi lambar gidan, kuma in ba muryar matar ta ji ba, ba ta da ikon rubuta kore.

Zinariya, ke ce mai ƙin yarda don wasu su rayu. Ke ce kika zauna cikin masu tafi kika riƙe hannunki, aka harare ki, kika haɗiye. Ba a ɗaukar hoton aikinki, don aikinki shi ne abin da bai faru ba: makokin da ba a zauna ba, jaririn da ba a miƙa wa kaka ta raina ba. Wallahi duk wanda ya san wannan, sai idonsa ya cika.

Mun gode, 'yar Zongo. Allah Ya saka miki, Ya sa ɗalibanki na Djougou su gaji wannan taurin kai naki. Ku kuma matasan da ake danƙa wa irin waɗannan na'urori a asibiti da gona da makaranta, kada rahoton da na'ura ta rubuta a kan kanta ya ishe ku. Ku buɗe sawunta, ku saurara da kunnenku. Ɗan Mariatou ya fara tafiya a watan jiya, kuma zanen uwarsa ya kama ya miƙe.