Shirun Da Ke Bayan Waƙa Ta Huɗu

Yau shekara ashirin da huɗu ke nan da muka kai Isiya Mai Jita makwancin shi a bakin garin Faskari. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu kafin in rubuta, don mutum ne da ba ya yafe kuskuren minti ɗaya, balle na shekara. Allah ya jiƙan shi, ya kai haske kabarin shi.

Yaran yanzu ba su san shi ba, kuma ban ga laifin su ba. Mutumin Pauwa ne, dogo, siriri, mai wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, irin shigar da ke sa tsofaffi su kau da kai suna salati. A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasar nan, lokacin da kowane malamin firamare ya sayi babur da rikoda mai kaset a wata guda, Isiya ya haɗa ƙungiyar kiɗan jita mai lantarki, irin wanda yaran Legas ke kira rok. Shi ke jita da waƙa, da Hausar shi ta Pauwa tsantsa. Malam Bitrus, wani malamin makaranta, shi ke ganguna. Wani makanike daga gabas da ke zaune a Funtuwa shi ke ogan. Ni kuwa direban su ne. Ina da ƙaramar bas da nake jigilar 'yan kasuwa tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, in wasa ya taso in kwashe su da lasifikokin su. Sunana ba ya kan faifan. Isiya dai Kunkuru yake ce mani, wai ko akuya mai ciki na iya wuce ni a hanya.

Na yi yawo bayan shi. Na ja tirela har Agadas, na yi shekaru a Kwatano, na ga Jidda, na ga Injamena. Ko'ina na je akwai wanda za a yi hira da shi, amma babu wanda zan ce wa "ka tuna?" ya ce ya tuna. Malam Bitrus ya rasu. Mai ogan ya koma garin su, wasiƙata ta ƙarshe ta dawo mani ba a buɗe ba. Cikin mu huɗu da muka tafi Legas ɗaukar faifai a bas ɗin nan, ni kaɗai na rage ina shan iska.

Faifai ɗaya tak suka yi. Waƙa goma sha ɗaya suka shirya, faifan kuwa takwas yake ɗauka, huɗu a kowane gefe. Mai ɗaukar sauti ya ce wa Isiya ya zaɓa ya jera nan take. Isiya ya ce shi ba a yi mashi haka, a zuba mashi su a kaset ya je gida ya yi tunani. To tunanin nan a cikin motata aka yi shi. Sati shida yana zaune a gidan gaba da agogo a hannu, fasinja na tsammani ma'aikacin gwamnati ne ke duba ni.

Ga abin da yake aunawa. Daga Ƙanƙara zuwa mararrabar Sheme ba a jin kiɗa, mata na cinikin daddawa ta saman kawunan mutane, kaji na kuka. Sai an sauke an ɗauka a Sheme mota ke natsuwa, a nan nake danna kaset. Daga nan zuwa maƙabartar da ke bakin Faskari, a hanyar birji ta lokacin da irin tuƙina, minti ashirin ne da 'yan kai. Kowane direba ya sani, ba a wuce maƙabarta da kiɗa. Hannu kan kai kan rikoda da kan shi, a kashe, a yi wa mamata sallama, sai an wuce a kunna. Isiya bai taɓa ja da wannan ba. Abin da ba ya so shi ne a yanke mashi waƙa a tsakiya. Ya kan ce kamar a katse mutum ne yana cikin gaisuwa. Don haka ya yi ta juya waƙoƙin, wannan gaba, waccan baya, har ya samu huɗun da ke ƙarewa daidai wata bishiyar marke da ke gab da kabarin farko. Daga nan zaren kaset ya yi ta tafiya babu komi na minti uku, mu wuce shiru, sai cikin tasha in juya gefe na biyu mu nufi Sabuwa. Haka ya rubuta wa kamfanin jerin, haka aka buga.

Ba a yi shekara biyu ba aka ba da kwangilar hanyar, aka malala kwalta baƙa wuluk. Kowa na murna, Isiya na ɓata rai. Yanzu muna isa marken nan ana tsakiyar waƙa ta uku.

"Kunkuru, rage wuta mana!"

"Yau kuma ni ake ce wa in rage? Fasinja za su cinye ni."

"Gwamnati ta ɓata mani faifai," in ji shi, yana kallon kwaltar kamar ta zage shi.

Bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya shigo. Ya kama Isiya, kwana uku ya yi a gidan surukan shi a Faskari ya cika. Aka rufe shi 'yan taku kaɗan daga wannan marken. Ya bar mata da ɗiya guda, Hajara, tana da shekara biyu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana ke nan. Watannin baya Hajara ta yi mani sallama a Ƙanƙara. Malamar asibiti ce yanzu, da 'ya'yan ta biyu, tsawon uban ta ta ɗauko har da yadda yake karkata kai in yana sauraro. Ta zo da wasiƙa da kaset. Wani kamfani a ƙasar Turai ya tono tsohon zaren da aka ɗauki sautin a Legas, suna so su sake fitar da faifan a sidi. Sun ce za su ƙara waƙoƙin da aka bari, su zama goma sha biyu, sun kuma sake jera su yadda suka ga zai fi shiga kunnen mutanen su. Sa hannun ta suke jira.

"Baba, ni ban san shi ba," ta ce. "Ku kuka san shi. In kun ce a'a, a'a ce. Ban ma saurara ba, na kasa ji ni kaɗai."

Ni a raina na riga na gama yanke hukunci: a'a. Wa ya aike su? Sidi ba shi da gefe biyu, ba a juya shi, har wani maɓalli gare shi da ke cakuɗa waƙoƙi kamar ana dama fura. Na yi ta tunanin mi Isiya zai ce in ya ga wannan maɓalli. Ina jin zai nemi wanda ya ƙera shi ya zaunar da shi ya yi mashi nasiha. Sai dai lissafin ya tsaya mani a wuya. Takwas da uku sha ɗaya ne. Ina suka samo ta sha biyu? Ban kawo komi a raina ba, na ce wataƙila gwaji ne aka ɗauka sau biyu. Na ce mata irin wannan kaset ba a jin shi a ɗaki, ta shiga mota.

Da hantsi muka isa Sheme. Na danna.

Babu ganga, babu ogan. Jita ce kawai ba lantarki, sai tari ɗaya, sai muryar shi ƙasa-ƙasa. Kafin in kai hannu ya riga ya faɗi sunan. Hajara. Ya sake faɗi. Waƙar ba ta da wasu baitoci na kirki, sunan ne yake ta jujjuyawa, yana ce mata ta yi barci, ya kusa dawowa, ya saya mata 'yan kunne.

Na san waƙar. Rana ta ƙarshe a Legas, sauran sun fita cin abincin rana, ni ina zaune da makullin mota ina jira, ya ɗauki jitar ya yi ta. Lokacin Hajara na da wata huɗu. Da ya gama ya ce wa mai ɗaukar sautin ya goge, mutumin ya gyaɗa kai. Isiya ya juyo gare ni ya ce, "Kunkuru, in ka faɗa wa wani, zan ce kai ka rera." Ɗiyar fari ce. Mutumin Pauwa ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukar shi gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. Isiya da ya sa wandon da ya girgiza gari, ya rataya jita gaban dattawa, wannan guda ɗaya bai iya tsallake ta ba. "Yarinyar nan" yake ce mata har ya koma ga Allah. Ashe ba a goge ba. Turawan kuma da suka ji ta fi sauran taushi, sai suka sa ta a farko.

Hajara ta saurara har aka kusa rabi. Sannan ta juyo, fuska a ɗaure.

"Baba, wace ce wannan Hajarar?"

"Wata ce da ya mutu a kan ta."

"Inna ta san da ita?"

"Ƙwarai kuwa. Ita ta goya ta shekara biyu."

Na ga lokacin da maganar ta isa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen taga. Ni kuma na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai koyon mota. Ta girma tana jin cewa uban ta bai taɓa ɗaukar ta ba, bai taɓa kiran ta ba. Ta san al'ada ce, ta san kowa haka yake yi. Amma sanin dalili daban, jin sunan ka a bakin uban ka daban. Shekara kusan ashirin da shida ina riƙe da wannan magana, ina ganin amana nake tsarewa. A wannan hanya na fara shakkar ko amanar wa na ci.

A sabon jerin, muna isa marke waƙar da ta fi kowace hayaniya ke tsakiya, ganguna kamar za su fasa mota. Na yanke ta. Hajara ta tsaya a bakin hanya kamar yadda mata ke yi, na shiga ni kaɗai. Kabarin ya baje, da bishiyar nake gane wurin. Na yi mashi addu'a, sannan na ce, "Isiya, asirin ka ya tonu, kuma Allah ya gani ba ni na tona ba." Na ɗan jira, kamar zai ce wani abu.

Da na fito na faɗa mata labarin agogon da marken da minti ukun. Na ce yanzu ra'ayina ya canza, a bar su su sa waƙar ta, ko a farko ko a ƙarshe, duniya ta ji. Ta girgiza kai.

"A mayar mashi da takwas ɗin shi yadda ya jera. Ukun a sa su a baya. Tawa a cire."

"Ke da na ga kin yi kuka?"

"Baba, da ran shi bai faɗi sunana gaban mutane ba. Ba zan sa shi ya faɗa ba yanzu da ba ya iya hanawa. Kaset ɗin nan ya ishe ni."

Ban taɓa jin wanda ya yi kama da Isiya irin wannan rana ba.

Haka muka rubuta masu, muka ƙara da cewa bayan waƙa ta huɗu a bar shiru na minti uku. Suka rubuto suna tambaya ko kuskure ne. Muka ce ba kuskure ba ne. Suka ce masu saye za su zaci sidin ya lalace, a yi haƙuri da rabin minti. Na ce wa Hajara ta rubuta masu cewa maƙabartar ba ta rage tsawo ba. Ban san yadda ta juya shi da Turanci ba, amma sun yarda.

Ina yawan tambayar kaina mi ya rage na Isiya. Jitar ta ɓace tun tuni. Bas ɗin an yi kujerun mai shayi da ita. Waƙoƙin, in gaskiya za a faɗa, biyu daga ciki ko a lokacin ban so su ba, kuma na faɗa mashi. Wani yaro a wata ƙasa mai sanyi zai sa sidin nan, ya kai wurin shirun, ya tashi ya bubbuga na'urar shi, bai san yana wuce mamatan Faskari ba. Ɗiyar shi na da minti huɗu a cikin akwatin kayan ta da ba mai ji sai ita. Ni kuma ina da hanyar.

Motata ba ta cin sidi, sai Hajara ta sa aka zuba mani shi a kaset. Satin da ya wuce na bi ta Sheme ni kaɗai, ba fasinja, kujerar gaba ba kowa. Kwaltar nan da ta ɓata mashi rai ta mutu tuni, ramuka ne sai ka zaɓi wanda za ka faɗa. Na danna kaset, na yi ta lallaɓawa a giya ta biyu, ban ko duba agogo ba. Waƙa ta huɗu na sauka, hannuna ya tashi da kan shi zai kashe. Kafin ya kai, jitar ta yi shiru. Na ɗaga kai, ga marke.

Na mayar da hannuna kan sitiyari, na yi masu sallama, na wuce a hankali.