Yaya Sada da "Ya Rusuna Ya Wuce"

Shekara goma sha takwas ke nan da muka rasa yayana, Malam Sada na Ƙofar Durbi, Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sadaka nake yi in yi masa addu'a in ja bakina, don ni ba mai rubutu a jarida ba ce, tsohuwar malamar firamare ce da allo ya cinye wa idanu. Bana kam na kasa yin shiru. An aika sunan ɗansa na fari, Dakta Mansur, majalisa domin a tantance shi a babban muƙamin lafiya na jiha. Mutane na ta zuwa yi mini barka, ni kuwa tsoro nake ji.

Lokacin da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, Yaya Sada yana cikin waɗanda aka zaɓa zuwa majalisa. Malamin makaranta ne kamar ni, da babur ɗinsa ya yi yawon neman ƙuri'a, babur ɗin da sai an tura yake tashi. Mun yi ta tsokanarsa cewa ɗan majalisar da ake turawa bai kamata ya cika baki ba. A kwanakin nan kowa ɗoki yake yi. Mun gaji da a wayi gari a ji an naɗa wane an sauke wane ba tare da an tambayi kowa ba, sai ga shi an ce yanzu duk wanda gwamna ya zaɓa sai ya tsaya gaban wakilanmu ya amsa tambayoyi.

Ba a daɗe ba muka gane yadda abin yake tafiya. Wanda aka kawo zai tsaya, a karanta makarantun da ya yi, sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce wannan ai namu ne, ɗan gidan mutunci ne, ya rusuna ya wuce. Sauran su amsa. Mutumin ya duƙa, ya juya, ya zama kwamishina. Rusunawar da iyayenmu suka koya mana don gaida manya, ita aka mayar ƙofar baya.

Yaya Sada ya jure wa wannan a wasu muƙaman, amma yakan ce akwai mutum biyu da ba ya yarda su wuce ba a tambaye su ba: wanda zai riƙe leƙen asirin ƙasa, da wanda zai riƙe lafiyar jama'a. Dalilinsa shi ne su biyun nan kaɗai ake buɗe wa abin da ake rufe wa kowa, ɗaya ya san sirrinka, ɗaya ya ga tsiraicinka. Na farkon ba a majalisarsu ake maganarsa ba, can sama ne, a majalisar tarayya. Na biyun kuwa ya zo gabansu, kuma ya zo da fuskar da ba a so. Wanda aka kawo shi ne Alhaji Lawal, wan matarsa Binta, uwa ɗaya uba ɗaya, kawun su Mansur.

Duk Bakatsine ya san kunyar suruki. Ba ka cin abinci gabansa, balle ka titsiye shi a bainar jama'a. Aka ce ya rusuna ya wuce, har ya fara duƙawa, sai Yaya Sada ya ɗaga hannu. Ina zaune a wurin 'yan kallo, wallahi sai da na rufe fuskata da mayafi. Ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoye cibi. In mace ta kama naƙuda a ƙauye, damina ta yanke hanya, asibitin garin ba ungozoma, mi za ka yi mata a shekararka ta farko?"

Alhaji Lawal mutumin kirki ne, ba zan ci zarafinsa ba, amma ɗan kasuwa ne, bai taɓa zama ya yi tunanin wannan ba. Ya yi 'yan kame-kame, ya ce da yardar Allah za a duba. Aka yi ta hayaniya, wasu na cewa an ci mutuncin dattijo, wasu na cewa ai tambaya ce kawai. Daga ƙarshe aka tabbatar da shi, kamar yadda kowa ya san za a yi.

Abin da ya biyo baya a gida muka sha shi. Dangin Yaya Binta suka ɗauke ƙafa, ba suna ba biki. A unguwa aka riƙa cewa boko ya cire wa Sada kunya. Da zaɓe ya zagayo jam'iyya ta ba wani takara, ya koma aji da allinsa har ciwon ajali ya kama shi. Ita kuwa Yaya Binta tana tsakanin wanta da mijinta, ba ta taɓa cewa uffan a kan maganar ba. Na zauna da ita shekara da shekaru ban san gefen da zuciyarta take ba, kuma na sha jin haushin shirun nan nata.

Yau da Yaya Sada zai ɗago ya ga Katsina, me zai ce? Ku je Ƙofar Kwaya ku ga mutanen ƙauye da rashin tsaro ya koro, iyali guda a ɗaki ɗaya, magidancin da yake da gona ya koma acaɓa. Matar da Yaya ya yi tambaya a kanta har yanzu tana nan, sai dai yanzu ba damina kaɗai ke yanke mata hanya ba. In na kunna talabijin na ga ana tantance manyan da za su riƙe tsaro da lafiya can sama, wani lokaci a yi musu tambayoyi masu zafi in ji daɗi, wani lokaci kuma a ɓata yini ana gardamar daga wace shiyya mutum ya fito, a ƙare da ya rusuna ya wuce. Mutum biyun da Yaya ya ware su ne rayuwarmu ta rataya a kansu yanzu.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Alhaji Lawal, wanda tsufa ya kama yanzu har sai da sanda, shi ne yake bi gida gida wurin 'yan majalisa yana roƙon a yi wa ɗan ƙanwarsa kara. Hujjarsa ita ce uban yaron tsohon ɗan majalisa ne, don haka a girmama marigayi, a bar ɗansa ya rusuna ya wuce. Kun ji fa! Da sunan Sada! Na san da zuciya ɗaya yake yi, naka sai naka, wataƙila ma hanyarsa ce ta nuna ya yafe. Amma in aka yi haka an binne yayana karo na biyu, kuma da hannun ɗansa.

Mansur likita ne na gaske, ya yi aiki a asibitocin karkara, ba amsa ce zai rasa ba. Kunya ce matsalarsa. Ranar Juma'a na je gidan Yaya Binta na same shi ya zo gaida mahaifiyarsa, na fito masa a mutum. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, in manya suka ce in rusuna, ya zan yi? In ƙi, a ce na raina majalisa, kuma na watsa wa Kawu ƙasa a ido bayan wahalar da ya sha."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai Yaya Binta ta ajiye carbinta. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ni ta kalla, shi yana zaune a gabanta, ta ce, "Gwaggonsu, ki gaya wa wancan, in an ce ya rusuna ya rusuna, ba mu haifi marar kunya ba. Amma in ya ɗago kada ya wuce. Ya tsaya ya ce su tambaye shi. Yaya Lawal kuma ni zan je in same shi."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ashe duk shekarun nan ta san inda take.

Yaya Sada bai bar gida a unguwar manya ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba, tambayar da ya yi ma ba ta hana komai ba. Abin da ya bari shi ne mutane kaɗan da ba su yarda a ɗauki ran jama'a a ba mutum don kara ba, kuma sai ranar Juma'a na san matarsa na cikinsu. Ko ɗansa na ciki, ban sani ba tukuna. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ni na koyar da yara da yawa, na ga 'ya'yan barewa masu rarrafe.

Mansur dai ya yi mana sallama ya tafi. Ranar Talata za a kira shi. Zan je in zauna wurin 'yan kallo, kuma Yaya Binta, wadda ba ta taɓa taka ƙofar majalisa ba ko a zamanin mijinta, ta ce in biyo mata mu tafi tare.