Motar Dokita da na kashe

Har gobe ban manta da ranar da aka jawo motar Dokita zuwa garejinmu ba. A farkon shekarun saba'in ne, tun Zongo yana tsakiyar Lome. Ni ne shef a garejin Alhaji Garba, wato babban bakanike mai bin maigida. Duk aikin da ya shigo sai na duba, kuma mota ba ta fita sai na ce ta yi.

Dokita tsohon likita ne da ya yi ritaya daga aiki a asibitin Tokoin, mutumin garin Aneho. Motarsa kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Ƙofa biyu ce, doguwar gaba, kujerun jan fata, an ƙera ta don doguwar tafiya. Jikin na Faransa ne, injin na Amurka mai silinda takwas. Ya gaya mana kaɗan aka ƙera, kamfanin ma ya rufe. A hannun wani malaminsa ya saye ta da ya gama karatu a Faransa, ya sako ta a jirgin ruwa. Da ita suka yi ta zuwa Akara da Kwatano shi da matarsa. Da ta rasu sai ya rufe motar da tamfol, shekara shida bai tayar ba. Yanzu idonsa ya fara rauni, yana so ya tuƙa ta sau ɗaya zuwa Aneho kafin ya daina gani.

Muka wanke tanki, muka gyara birki, injin ya tashi lafiya. Matsala ɗaya ta rage, famfon ruwan da ke sanyaya injin ya ci tsatsa. Maigida ya ce a rubuta wa wani ɗan'uwan Dokita a Faransa ya nemo, ko da wata uku za a yi. Na ce ina da famfon wata babbar mota, in na yi masa fiƙa zai zauna.

"Sani, kada ka taɓa," ya ce. "Wannan ba irin motocin da muka saba ba ce."

Na amsa da to, amma raina bai yarda ba. Shekarata talatin da 'yan kai, ana yabon hannuna har unguwar Hanukofe, ina ganin babu injin da zai gagare ni.

A lokacin idan shugaban ƙasa zai dawo daga tafiya, kowace unguwa sai ta fitar da mutane bakin titi, 'yan rawar jam'iyya a gaba. Wata Laraba aka kira Maigida cikin dattawan Zongo zuwa tarbar shugaban, ma'aikata suka bi shi. Na ce cikina na ciwo. Suna fita na ɗaura famfon, na hau hanyar bakin teku. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba, har na manta da duba allurar zafi. Kafin in farga tururi ya turnuƙe gaban motar. Famfon bai tura ruwa yadda ya kamata ba, injin ya tsage.

Na sa aka jawo ta, na mayar da tsohon famfon kafin su dawo. Na ce wa Maigida ina tayar da ita kawai ta yi haka. Ya daɗe yana kallona.

Da Dokita ya zo, ni na yi masa bayani. Na ce tsufa ne da daɗewar ajiya, dama injin ya tsage daga ciki, ko famfon ya zo ba ta kai Aneho ba. Ya zauna a kujerar direba, ya riƙe sitiyari na ɗan lokaci. Sannan ya fito ya kama hannuna da hannu biyu.

"Na gode, Shef. Laifina ne da na bar ta ta zauna. Ku kun yi iyakar ƙoƙarinku."

Bai ɗauke ta ba, ya ce ba ya son ganinta a mace a gidansa. Ta zauna a bayan gareji har kaji suka yi ƙwai a ciki. Sau biyu na kama hanyar gidansa don in faɗa masa gaskiya, sau biyu ina juyowa daga bakin ƙofa. Bayan shekara biyu na ji rasuwarsa. Da aka tashi Zongo, ba mu da inda za mu kai ta, maƙera suka sassare ta.

Ku da kuke wannan sana'a yanzu, ɓata inji ba shi ne ya dame ni ba, kowane bakanike ya taɓa ɓatawa. Mai mota ba ya ganin cikin inji, abin da ka faɗa masa shi zai ɗauka ya tafi da shi gida. Na gyara motoci da yawa bayan wannan, kuma duk wadda na ɓata na faɗa. Amma Dokita ya mutu yana ganin shi ya kashe motar da matarsa ta hau, kuma ni na sa masa wannan a zuciya.