Kujerar da Na Zauna a Bayan Xintang

Shekarun baya, a daminar da China ta karɓi wasannin Olamfik, ina Guangzhou ina jiran wandunan jins da na ba da ɗinki a Xintang, wani gari da ke gefen birnin. A shekarar biza ta yi wuya, wanda ya fita ba shi da tabbacin za a bar shi ya dawo. Ina cikin jiran nan ƙanena ya bugo waya ya ce mahaifiyarmu ta cika. Kafin in yi magariba a can, an kai ta makwancinta a Kano.

"Yaya, ka taho yanzu," in ji shi. "Ruwa ake yi kullum, kuma gefen da aka binne ta sai cika yake yi da sababbin kaburbura. In ka daɗe, ban yi maka alkawarin zan gane wurin ba."

Na ce saura kwana uku a loda kaya. Ni a lokacin gani nake in na matsa daga Guangzhou, kasuwar duniya tsayawa za ta yi.

Rana ta biyar muka je masana'antar da abokina, ɗan Damagaram da ke karatu a can, wanda yake yi mini tafinta. Mai wurin ya ba mu shayi ya ce mu dawo da yamma. Na gaji da shayinsa, na gaji da ƙarar kekunan ɗinki, na gaji da kaina ma. Abokina ya ce, "Alhaji, tashi mu taka. In ka ƙara awa ɗaya a nan, faɗa za ka yi da wani."

Muka hau mota zuwa inda gine-gine suka ƙare, muka bi wata 'yar hanya a ƙafa. Gonakin shinkafa ne da ayaba, sai kududdufai da agwagi. Muka ratsa wani tsohon ƙauye mai gidajen bulo ruwan toka, lungunansa mutum biyu ba sa jerawa. Duk tsofaffi ne a ƙofar gida, matasan sun tafi ɗinka mini wando. Ga zafi, ga takalmin ƙafa-ciki da na saya don a san ni Alhaji ne, yana cin dunduniyata. Abokina yana ta nuna mini abubuwa, ni kuwa ba abin da nake gani.

Bayan ƙauyen hanya ta hau wani tudu mai gora da manyan itatuwa. Nan na hangi wani gini na siminti a inuwa, an zagaye shi kamar kujera mai hannuwa. Har na yaba, na ce mutanen nan ko a daji sai sun yi wa matafiyi wurin hutu. Na zauna, na tuɓe takalmi, na miƙe ƙafa.

Abokina da ya tsaya baya ya iso tare da wani tsoho mai lauje da tsintsiya. Abokin nawa yana ganina ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, sauko, kabari ne!"

Na diro da takalmi a hannu, kunya kamar in nitse. Na zaci tsohon zai yi mini wankin babban bargo. Sai ya dube ni kawai, ya sunkuya ya fara yanke ciyawar da ta rufe rubutun jikin dutsen. Abokina ya ba shi haƙuri, suka ɗan yi magana.

"Mahaifiyarsa ce," abokina ya gaya mini. "Ya ce ta rasu tun kafin ya yi aure. In damina ta yi, yakan hawo ya share, don kada ciyawa ta cinye wurin."

Na ga aikin ya yi wa tsohon yawa. Na karɓi laujen na ƙarasa masa, ina yi ina kuka, kukan da ban yi ba tun ranar da aka bugo waya. Bai tambaye ni dalili ba. Da na gama, ya miƙo mini gorar ruwansa.

Da ma in ce muku washegari na hau jirgi. Ban hau ba. Muna saukowa mai masana'anta ya kira ya ce jibi za a loda kaya, ni kuma na yarda. Sai da na ƙara kusan wata biyu kafin kwantena ta bar tashar jiragen ruwa ta Nansha.

Ranar da na isa Kano, ƙanena ya kai ni maƙabarta. Ruwa ya kwantar da ƙasar, ciyawa ta rufe ko'ina, kwanon da ya kafa don alama babu shi. Ya yi ta kai da komowa, sannan ya tsaya a tsakanin kaburbura biyu. Bai iya kallona ba, ya ce, "Yaya, ko wannan, ko wancan."

Na san addu'a tana isa ko daga ina aka yi ta, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma abin bai daina yi mini ciwo ba. Yanzu in aka ce wani nawa ba lafiya, ajiye komai nake yi in tafi, yarana har tsokanata suke yi. Kuma har yau in na je ziyara, a tsakiya nake tsayawa, in yi wa mutum biyu addu'a.