Ranar da Sani Bai Waiwayo Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron faɗin abin da ba daidai ba. Jikata ce ta sa dole na rubuta.

A daminar da na shiga aji uku a Rawayya, ni ce mai renon ƙanena Sani. Da na dawo daga makaranta Inna za ta goya mini shi, in ɗauki fura in kai wa Baba gona. Bai iya kalma ko ɗaya ba, amma ina gane nufinsa. In ƙishi ya kama shi sai ya ja mini kunne. In ya hango akuya sai ya miƙa hannu yana "ba-ba-ba", in amsa masa, ya yi shiru yana saurare, ya sake. Haka muke hira har bakin gona.

Sai ya kwanta da zazzaɓi mai zafi. Ya warke, amma gwarancin ya ɗauke. Wata safiya kwanon sha ya suɓuce mini ya faɗi dab da bayansa. Kaji suka watse, Sani bai waiwayo ba. Na ruga na gaya wa kakarmu, ta ce, "Ke, bar shi. Miskili na, haka kakanai ya yi."

Ban sake tayar da zancen ba, don ina da abin ɓoyewa. Kafin ciwon na taɓa nuna masa madubin Inna a sace, alhali a gidanmu ana cewa madubi yana ɗaure harshen jinjiri. Na ɗauka ni na jawo. Tsoron duka ya rufe mini baki, har aka yaye shi ba wanda ya duba kunnensa.

Yau Sani magidanci ne, yana noma a Bungudu, kuma kurma ne, da alamar hannu muke gaisawa. Na daina zargin madubi. Shiruna ne har yanzu yake hana ni sukuni.

Jikata Hauwa tana wata tara a nan Gusau. Tana murmushi, tana kallon bakina, amma ba ta gwaranci. Jiya na saki murfin tukunya a bayanta da gangan. Ta ɗan motsa, ban sani ba ko ƙarar ta ji ko inuwata ta gani. Uwarta ta yi dariya ta ce, "Hajiya, kin cika damuwa."

Don Allah, masu sani, a wata nawa ya kamata jinjiri ya fara gwaranci? Kuma ina ake auna kunnen yaron da bai iya cewa ya ji ba? Wannan karon ba zan yi shiru ba.