Afiniki da Robar Bakin 'Yarta

Duk wanda ya san layin masu citta a kasuwar Kafanchan ya san Afiniki Tagwai. Mace ce mai ƙarfin hali, takan ɗaga buhu ita kaɗai, ta taɓa kashe kububuwa da fartanya a gonarsu ta Kagoro. Abu ɗaya ne ke karya mata zuciya. Tana yarinya ƙanenta Abednego ya taka tsohon ƙarfe a gona, ciwo ya shige shi, haƙoransa suka sarƙe har ko cokali ba ya shiga. A gabanta ya rasu. Tun daga nan ba ta iya kallon bakin da ya ƙi buɗuwa.

Autarta Hephzibah ta taso haƙoran samanta sun turo gaba, ba sa haɗuwa da na ƙasa. Nama sai an yanka mata ƙanana, yara kuma suna tsokanarta a makaranta, har ta saba rufe baki da hannu in za ta yi dariya. Ƙanwar mijin Afiniki, Doreen, mai aikin jinya a Jos, ita ta kai yarinyar wajen likitan haƙora aka ɗaura mata ƙarfen gyaran haƙora. Afiniki ta daure da wannan. Amma bayan shekara guda Hephzibah ta dawo daga Jos da sabon abu: wasu 'yan ƙananan robobi, an maƙala su daga haƙoran sama zuwa na ƙasa, hagu da dama.

"Buɗe in gani," in ji Afiniki.

Yarinyar ta buɗe kaɗan, robar ta ja bakin ya koma. "Yana mini ciwo, Mama. Likita ya ce zan saba."

Afiniki ta tuna da Abednego. Ranar ta kasa cin tuwo. Kashegari a kasuwa ta auna wa mai saye citta ba daidai ba, hankalinta yana gida. Da ta dawo sai ta ja yarinyar ɗaki. "Cire abin nan. In za ki koma Jos kya mayar. Kada ki gaya wa Anti Doreen."

Hephzibah tana cirewa a gaban uwarta, tana mayarwa in ta fita.

Wata Lahadi a coci, yarinyar tana cikin mawaƙa, ta ɗaga murya, sai Afiniki ta ga ta yi shiru ta dafe maƙogwaro. Ba ta san lokacin da ta ratsa layin 'yan zumuntar mata ta isa gaba ba.

"Mama, roba ta tsinke. Na haɗiye."

"Yesu!" Afiniki ta kama ta suka yi waje, ta tare ɗan acaɓa, takalminta ɗaya ya zauna a ƙofar coci. Duk hanya tana riƙe da haɓar yarinyar tana cewa, "Yi magana! Kada ki rufe bakin!" Gani take robar za ta naɗe hanji, ko ta ɗaure wani abu a ciki da ba mai iya kwancewa.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta duba numfashin yarinyar, ta ba ta ruwa ta sha. "Mama, robar ciki ta tafi, ba huhu ba. Za ta fita da kanta."

Afiniki ba ta yarda ba sai da aka kira Doreen, ita ma ta faɗi haka. Duk da haka kwana biyu ba ta je kasuwa ba, tana bin yarinyar da ido.

Ranar komawa Jos ta bi Hephzibah wajen likitan haƙora. Likitan ya saurari labarin Abednego bai katse ta ba. Sannan ya ce wancan ciwo ƙwayar cuta ce ke shiga ta rauni, wannan kuwa roba ce kawai, tana jan haƙora a hankali har na sama su sauka daidai kan na ƙasa. Ana cire ta in za a ci abinci, a sa sabuwa kowace rana. Ya miƙo mata ɗaya. "Ki sa mata da hannunki, Mama."

Afiniki ta karɓa, robar ta kufce ta faɗi. Da ƙyar ta maƙala wata. Ta cire, ta ga bakin ya buɗu kamar kullum, ta sake maƙalawa.

Tsoron bai bar ta gaba ɗaya ba. Kowace safiya sai ta sa Hephzibah ta yi hamma a gabanta kafin ta tafi makaranta. Amma ba ta ƙara cewa a cire ba. Bayan wasu watanni haƙoran suka haɗu, aka kwance ƙarfen ana gab da Kirsimeti. A bikin wata 'yar unguwa Hephzibah ta tsaya gaban mai hoto tana dariya, hannunta bai je bakinta ba.