Kalangun Kawu a Wasan Rege

Har yau idan na ji kiɗan rege sai raina ya ɓaci, alhali mawaƙan ba su yi mini komai ba.

Su biyar ne, daga kudu suka zo, gashi a murɗe har gadon baya. Wani abokin karatuna ne ya gayyato su. Shekara biyu kacal ya yi a Abuja, ya dawo yana kiran Wudil "ƙauyen nan", ya gina zauren taro a Sabon Garin Wudil. Da yake Turanci nake koyarwa, sai ya roƙe ni in yi musu tafinta, in zaga da su gari kafin wasan Asabar. Ya ja mini kunne: in nuna musu gada da kogi, amma kada in kai su kasuwa, wai wari.

Ranar Juma'a ce kuwa. Wa zai zo Wudil ranar kasuwa a hana shi ganin kara? Na kai su. Suka sha kallon shanu, suka ci soyayyen kifi a tsaye, yaji yana sa su hawaye. Da muka biyo ta rumfar mahauta sai muka tarar da Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa yana yi wa mahauta kalangu. Mai gangar baƙin ya tsaya cak, ya manta da kifin hannunsa. Can ya ce in tambayi tsohon ko zai hau dandamali tare da su gobe.

Kawu ya ce, "Ni? A gaban 'yan boko? Malam, ba wasa kake mini ba?"

Na ce ba wasa ba ne. A ranar ya sake wa kalangun tsarkiya, ya kai babbar rigarsa wajen masu bugu, ya bi mahauta rumfa-rumfa yana gayyata, har da Sarkin Fawa. Burinsa ɗaya: ya kaɗa wa Sarkin Fawa takensa ta lasifika, kowa ya ji.

Washegari bayan la'asar zaure ya cika da ɗalibai. Mahauta suka zo da fararen kaya, aka jera su can baya. Aka tsayar da Kawu a gefen dandamali, ga makirufo a gabansa. Kiɗa ya tashi, mai nauyi, irin wanda ake ji a ƙirji. Kawu ya matse kalangu a hammata, ya ɗaga makaɗi.

Ban ji komai ba.

Ina tsaye kusa da mai kula da na'urar sauti, sai na hango kan wayar makirufon Kawu yashe a ƙasa, ba a jona ba. Na sunkuya zan ɗauka, abokin nawa ya riƙe mini hannu.

"Ƙyale shi, ni na ce a cire. Ana ɗaukar bidiyo fa. Ya fito a hoto, ya isa. So kake ya mayar mana da wurin mayanka?"

Wannan mutum, tsiren da ya ci ya girma a bakin kalangun nan aka gasa shi. Baƙi daga wata uwa duniya sun ji kiɗan Kawu sun girmama shi, shi ɗan gari ne yake jin kunyarsa. Ya ga tsoho ya dace da ado, kamar ƙwaryar da ake ratayewa a bangon otal. Wallahi na ji kamar in shaƙe shi.

Amma me na yi? Na bar wayar a ƙasa. Na ce wa kaina ba a rigima a gaban baƙi. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, don shi dama na san halinsa, ni ne ban san nawa ba.

Su na kan dandamali suna jin Kawu, tunda yana gefensu, sun ɗauka kowa ma yana ji. Mai gangar sai gyaɗa masa kai yake. Kawu ya yi sharkaf da gumi, rigar bugu ta manne masa a baya. Daga yadda hannunsa ke tafiya na gane taken Sarkin Fawa yake yi, yana leƙen bayan zaure. Sau uku ya maimaita.

Ana tashi gab da magariba ya nemo ni, yana haki yana murmushi.

"Malam, na baya sun ji kuwa?"

"Sun ji, Kawu."

Ban rufe baki ba sai ga Sarkin Fawa ya ratso jama'a, ya miƙa masa hannu.

"Sannu da ƙoƙari. Mun ga hannu yana ta aiki. Me ka kaɗa mana ne?"

Kawu ya juyo ya kalle ni. Ya rataya kalangunsa a kafaɗa. Na ce ya jira in ɗauko babur in kai shi gida, ya ce in bar shi, zai taka.